Ra'ayin Ba-Tsoro

Da safe yana sashen talla a kamfanin sabulu, da yamma yana gidan rediyo yana yi wa 'yan siyasa wankin babban bargo. Masu sauraro suka laƙaba masa Ba-Tsoro, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A kamfanin ba a fitar da sabon kwali sai an ji ta bakinsa. Za a jera masa biyu a tebur, ya gyara tabarau, ya nuna ɗaya, manaja ya yi ta zuba godiya. Masu ɗab'i ne kawai ciwon kansa, don kullum sai sun rikita oda, su buga kwalin da bai zaɓa ba. A siyasa ma bai taɓa yabon kowa ba sai mutanen kirki, irin waɗanda a cewarsa jama'a ba su san darajarsu ba.

Ana nan sai surukin mai kamfani ya fito takarar majalisa, mutumin da in ya fara magana shi kansa bai san inda za ta ajiye shi ba. Matar Ba-Tsoro ta roƙe shi ya kama bakinsa, ta tuna masa cewa sabulun nan ne ke riƙe da gidan, rediyo kuwa ko man mota ba ya kawowa.

"Baban yara, wannan kaɗai ka ɗaga masa ƙafa," in ji ta.

Ya ce sai dai a canja masa suna. Da yamma ya shiga ɗakin watsa shiri ya yi wa surukin tatas. Washegari ya ƙara.

Ba a jima ba shugaban gidan rediyon ya shaida masa wani mai son gaskiya, da bai so a faɗi sunansa ba, ya sayi fili a riƙa maimaita shirin da safe. Ba-Tsoro ya ji daɗi ƙwarai. A ofis kuwa manaja ya daina haɗa ido da shi, in sun yi kiciɓis a matakala sai ya toshe baki da hankici ya wuce.

Aka yi zaɓe, suruki ya lashe da rata mai yawa. Ranar aiki ta farko aka ce ana neman Ba-Tsoro a bene. A nan tsoro ya kama shi na gaske. Ya tattara kofinsa da hoton yara a kwali, ya yi ta tunanin da wane ido zai kalli matarsa, sannan ya hau.

Ya tarar da mai kamfani da surukin nasa suna shan shayi. Suruki ya miƙe ya rungume shi. Mai kamfani ya ce an ƙara masa girma, an kuma ba shi ofis mai taga.

"Alfarma ɗaya muke nema," in ji shi. "Gaba zai nemi kujerar da ta fi wannan. Don Allah kada ka kuskura ka yabe shi."

"Yallaɓai, ban gane ba."

Mai kamfani ya ajiye kofi a hankali.

"Mu muka sayi filin safen nan. Tun ranar da muka gano duk abin da ka kushe shi jama'a ke rububi, ba mu taɓa yin asara a kanka ba."