Gayyar Dutse

Tun da gwamnati ta ce kowane gari ya kafa dutsensa yadda magabata suka kafa nasu, ba inji, sai igiya da gungume da ƙirjin mutum, aka sa wa aikin suna gayya. Sai dai wannan gayyar ba a ƙin zuwa.

Da azahar Tabawa ta kawo wa mijinta Nomau tuwo. Ganga na tashi, maza na ja, dutsen na rarrafe a kan gumagumai. Ta bi layin igiya da ido, ba ta gan shi ba.

"Ranka ya daɗe, ina maigidana?" ta tambayi Sarkin Gayya.

Ko kallonta bai yi ba. "Gungume ya karye da hantsi, mijinki ne a gaban dutsen. Kin san ganga ba ta tsayawa sai dutse ya tsaya."

Sai a lokacin ta lura da sawun jinin da dutsen ke bari a baya.

Ta juya da kwanon a ka.

"Ke, ajiye," in ji shi. "Tuwon gayya ba ya komawa gida. Zo ki kama igiyarsa."