Shaida Ta Goma Sha Bakwai

Ƙungiya ta tara ke nan da Zouera ta nemi horon aiki a cikinta. Tun asuba ta baro Lyon zuwa Paris. In ba a sa mata hannu a takardar horon ba kafin Juma'a, babu digiri, izinin zamanta a ƙasar kuma ya ƙare.

Malam Chaibou, mai kula da sashen tsaron Sahel, ya miƙo mata abin sauraro.

"Gwajin ba wuya, ɗiyata. Shaidun 'yan gudun hijira ne. Ba ma ajiye suna, lamba muke sawa. Juya mana ta goma sha bakwai zuwa Faransanci."

Muryar wata dattijuwa ta fara magana a cikin abin sauraron. 'Yan bindiga sun ƙone musu rumbuna, sun kashe mata miji, wata huɗu ke nan tana kwana a tanti. Zouera ta fassara duka, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba, har da maganar ƙarshe: "Ina da ɗiya tana karatu a Turai. Ban gaya mata ba, kar ta watsar da karatun ta taho."

Malam Chaibou ya sa hannu. "Litinin ki fara."

Tana fita bakin titi ta kira gida.

"Inna, ina wuni? Ba ni Baba."

"Ya tafi gona, lafiyarsa lau," in ji muryar da Zouera ta gama fassarawa yanzun nan. "Ya batun aikin, an dace?"