Yadda Ƙwararru Ke Yi

Jan rubutun kuskure ya sake cika fuskar kwamfutar Malama, daidai lokacin da Injiniya ke wucewa da kofin shayinsa.

"Malama, nan fa ba aji uku ba ne," in ji shi, da ƙarfi don kowa ya ji. "Kwamfuta ba ta tsoron bulala."

Ofis ya ɗauki dariya, irin wadda ake yi wa barkwancin shugaba ko da babu gishiri.

Shekara tara ta yi tana koyar da lissafi a firamare kafin ta koma gina shafukan intanet. An ɗauke ta gwaji na wata guda, daidai lokacin da kamfanin ya koma wani sabon tsarin gina shafuka. Injiniya, shugaban sashen, ya ce shi a kwana biyu ya shanye tsarin. Sai dai bai taɓa zama ya nuna wa kowa ba, wai hakan na sangarta ma'aikata. Da rana ta take sai ya rufe ƙofarsa, kada a dame shi.

Dole ta shiga wani zauren 'yan koyo a intanet, inda kowa ke amfani da sunan bogi. Can ta gamu da wanda ya fi ta shan wuya, wani mai kiran kansa Sabon Shiga. Bawan Allah ko girka tsarin ya kasa. Kullum lokacin hutun cin abinci sai saƙonsa ya faɗo: "Yaya, ki yi wa Allah ki duba min, shafin ya ƙi buɗewa." Halin malanta ya motsa, ta riƙa binsa layi-layi. Da ya ce aikinsa na rawa saboda shafin rajista, ta rubuta masa shi sukutum, har da ɗan saƙo a tsakiyar layukan.

Ranar ƙarshe ta gwajinta Injiniya ya tara kowa a ɗakin taro, har da mai kamfanin. Injiniya ya haska aikinta a babban allo, ya ja tsaki.

"Bari ki ga yadda ƙwararru ke yi kafin ki tafi."

Ya buɗe nasa aikin, shafin rajista, yana gangarawa yana gyaɗa kai.

"Tsaya," in ji mai kamfanin. Ya gyara tabarau, ya karanta wani layi da ƙarshensa ya shige gefen allo: "Ƙanena Sabon Shiga, na roƙe ka…"

Malama ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ƙarasa masa: "…ka goge wannan layin kafin ka nuna wa mutane."