Fasinjan Da Ke Gefena

Na ƙara jan takunkumin fuskata har ƙasan idona kafin na zauna. Manaja ya kafa doka: duk ma'aikacinmu da aka gani a jirgin kamfanin da ya kwashe mana fasinjoji, a bakin aikinsa. Amma an sake ɗage tashin namu jirgin, ga Mama kwance a asibiti.

Mutumin da ke gefena ya kare fuskarsa da jarida. Ko Manaja ne ya turo shi leƙen asiri?

Jirgi ya yi girgiza, mutumin ya saki salati. Muryar da ke mana tsawa kowace safiya ce.

Ya sauke jaridar, muka haɗa ido.

"Ban gan ki ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni ma ban gan ka ba, Yallaɓai."