Tayar da Jatau Ya Zaɓa da Ido

Jatau dillalin shanu ne a unguwar Titiru ta Paraku, kuma tun da matarsa Rahmatu ta rasu shi kaɗai yake cin tuwonsa. 'Yarsu ɗaya, Ummuhani, kakarta Hajo ta ɗauke ta zuwa Jugu tana da shekara bakwai. Shekara biyar ke nan gidan ba wanda ke amsa masa sallama.

Bayan samun 'yanci, lokacin da Nasara ke haɗa kayansu, wani daga cikinsu ya sayar masa da wata 'yar jar mota mara rufi, mai kwanciya ƙasa-ƙasa, kujera biyu kacal. 'Yan kara suka yi ta yi masa tsiya, wai motar da ko ɗan maraƙi ba ta ɗauka. Shi dai ya san abin da ya gani. Kullum da la'asar sai ya goge kujerar gefe, wadda ba a taɓa zama a kanta ba, ya ce a ransa ta Ummuhani ce.

Ran nan saƙo ya zo daga Hajo: ya zo ranar Juma'a ya ɗauki 'yarsa, ta isa ta riƙe masa gida. Jatau ya rasa inda zai sa kansa don murna. Sai dai tayoyin baya sun suɗe, har zare ya fito.

Ya tafi unguwar Gema wurin Labbo makanike. Labbo ya durƙusa ya karanta lambar da ke gefen tayar.

"Maigida, irin wannan babu ita a Paraku. Sai na aika Kwatano, jirgin ƙasa ya kawo. Kwana goma."

Kwana goma? Jatau ya waiga ya hango wasu tayoyi jingine da bango, na bashe, motar kayan nan mai rumfar tamfol. Ya je ya bubbuga ɗaya da tafi yadda yake bugun gadon bayan bijimi.

"Ga masu ƙiba nan. Waɗannan ai sun fi siraran nan ƙwari."

"A'a, maigida. Bakinsu ɗaya da na motarka, za su shiga, amma sun fi faɗi, sun fi tsayi. Wanda ya ƙera motar nan ya auna wurin da ya bar wa taya."

"Labbo, shekara talatin ina zaɓen dabba da ido. Roba ce za ta gagare ni?"

To, kun ji fa. Mutum ya san shanu, sai ya ɗauka ya san komai. Labbo ya ɗaura su ba da son ransa ba, sannan ya kama hannun Jatau ya cusa tsakanin tayar da ƙarfen da ya rufe ta. Da can dunƙulen hannu na shiga, yanzu yatsa biyu da ƙyar.

"Ka gani? In aka ɗora nauyi, ƙarfen nan zai sauko ya ci tayar. Don Allah kada ka ɗauki kaya."

Jatau ya ce ya ji, amma hankalinsa ya riga shi isa Jugu.

Zuwa dai lafiya lau, shi kaɗai a mota. Ummuhani ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi tsawo, dariyar uwarta sak. Sai da ya juya baya ya share ido.

Gidan Hajo gidan fataken goro ne tun kakanni, baƙo ba ya fita hannu sake. Aka fito da akwatin ƙarfe na yarinyar, aka ƙara buhun doyar Kolokwande, aka ƙara huhun goro. Maganar Labbo ta faɗo masa. Amma wa zai dubi surukarsa ya ce ta mayar da tsarabarta? Aka ɗaure kayan a bayan mota, har bayan motar ya yi ƙasa don nauyi.

Suka kama hanya da hantsi, hanyar jar ƙasa mai gargada. Ummuhani na ta ba shi labari, tana riƙe da ɗankwalinta kada iska ta kwashe. Rabon Jatau da jin murya kusa da shi haka har ya manta. Can sai ta shinshina iska.

"Baba, ina jin ƙaurin roba."

"Sabuwar taya ce, haka suke yi."

Ai kuwa da ya tsaya minti ɗaya ya taɓa tayar da ya ji zafinta. Bai tsaya ba, so yake su iso kafin azahar ta ga gidan da ya share mata. Duk ramin da suka faɗa, ƙarfen na ƙara yankar tayar. A wata kwana mai gangara tayar baya ta dama ta fashe, motar ta juya ta kife. Ga shi ba rufi.

Jatau ya farfaɗo a asibiti da karyayyen ƙugu. Ummuhani kuwa an riga an yi mata sutura a Jugu, bai ko samu sallarta ba.

Bayan kwana goma tayoyin da Labbo ya aika a kawo, don hankalinsa bai kwanta ba, suka iso a jirgi. Ya rasa wanda zai kai wa.

Har yau gawar motar na tsakar gidan Jatau. Da la'asar yana dogara sanda ya fito ya goge kujerar gefe, sannan ya koma ɗaki ya ci tuwonsa shi kaɗai.

Mai karatu, lambar da ke jikin taya ba ado ba ce, awon ranka ne da na wanda ka ɗauka. Ka sa wa motarka girman da aka ƙera ta da shi, kuma in mai sana'a ya ce ka jira, ka jira.