Ni Ba Murtsunguwa Ba Ce

"Wanda ya fi kula da tasa, shi zan aura," in ji yayata, tana miƙa wa samarinta biyu murtsunguwa, kowacce dunƙule kamar ƙwallo.

Bayan wata uku malamin makaranta ya dire tasa kan tebur, koriya shar. Tela kuwa ya shigo yana sosa ƙeya, tasa ta ruɓe luguf.

"Wallahi safe da yamma nake ba ta ruwa," ya ce. "Har hira nake mata."

Malam ya tuntsire da dariya. "Ai ba ta son ruwa! Ni sau biyu kacal na leƙa tawa."

Yaya ta dubi tela. "Turo magabatanka. Ni ba murtsunguwa ba ce da za a manta da ni a taga."