Yaran da Suka Ƙi Alawar Dakta Lantana

Dakta Lantana ta ajiye alawa ɗaya a faranti, ta ce wa yaron, "In na dawo ba ka taɓa ba, zan ƙara maka wata." Ta fita ta laɓe bayan baƙin gilashi tana leƙensa.

Aikinta ke nan. Likitar ƙwaƙwalwa da ɗabi'ar yara ce, bincikenta kuma a kan haƙuri yake: yaushe ƙwaƙwalwar yaro ke koyon danne kwaɗayi. Ta yi shekaru tana gwajin a Garki, yara na lamushe alawa tun ba ta rufe ƙofa ba, wani har da lashe faranti. Sa'o'inta duk sun zama farfesoshi, ita ko tana nan jiya i yau, abin yana cinta a rai.

Sai ta mayar da gwajin firamaren unguwarsu a Lugbe, inda 'yarta Nafeesa take karatu. Nan fa ta ga ikon Allah. Ba yaron da ya sha. Wani ya juya wa farantin baya, wata ta runtse ido tana jan addu'a. Ko an ba su biyun, a bakin riga suke ƙullewa su fice, ba ko godiya.

Ta ƙara da cakulan, ta ƙara da biskit. Ko ɗaya ba a taɓa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ta rubuta cewa ta gano yaran da suka fi kowa haƙuri a duniya, wata jami'a a Turai ta gayyace ta, har ta fara jin ƙamshin kujerar farfesa. Ko ciwon haƙorin da ya matsa wa Nafeesa bai samu lokacinta ba, direba ta tura ya kai ta asibiti.

Saura yaro ɗaya ta rufe bincike, Jonah ɗan aji ɗaya. Ya zauna ƙiƙam, hawaye na zuba. Ta shigo da alawa biyu tana murmushi.

"Kai jarumi ne, Jonah. Me kake tunawa har ka daure haka?"

"Mamana, Ma. Ba na so na cinye mamana."

"Wa ya ce za ka cinye ta?"

"Ai 'yarki ya faɗa mana ke mayya ne, wanda ya sha alawanki zai zama maye. Ita kaɗai ne ba ya kamawa, shi ya sa kowa ke kai mata nasa."